Takardun Baffa a Bokitin Magarya

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Baffa ya riga mu gidan gaskiya wata ranar Talata, tsakanin azahar da la'asar, a ɗakinsa na ƙarƙashin matakala a unguwar Utaibiyya ta Makka, inda ya shekara goma sha ɗaya yana gadin wani tsohon bene. Ruwa ne ya ɗauke a hawa na uku, wani ɗan haya ya sauko da faɗa a bakinsa don a kunna injin famfo, sai ya tarar da shi a kishingiɗe, tabarau a hanci, alƙalami ya faɗi a ƙirjinsa ya ɓata masa riga da jar tawada.

Ƙanen mahaifina ne. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, saboda haka bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata.

Kafin magariba saƙonnin murya daga gida sun cika mini waya, kuma kowa abu ɗaya yake faɗa. "Kai, Baffa ya dace! Mutuwa a Makka, salla a Harami, wa ya kai shi?" Gaskiya ne, a Harami aka yi masa salla, dubban mutane sahu bayan sahu. Amma mai sanarwa cewa kawai ya yi a yi salla ga mamata, su bakwai ne a jere, kuma cikin dubban nan ba na jin mutum goma sun san wanda ke cikin likkafani na huɗu.

A gidan Gwaggo, yayarsu, aka yi zaman makoki, can unguwar Mansur. An jera wa maza kujeru arba'in a lungu, an rataya fitilu yadda ake yi a nan, amma ko sau ɗaya ba a cika rabinsu ba. A ciki wurin mata ana zagayawa da gahawa da dabino, duk wadda ta shigo ta ce "Azzamallahu ajrakum", ta zauna, sai kuma ƙus-ƙus ya tashi.

"Allah dai ya sa ya tuba kafin ya cika."

"An ce har ranar da zai tafi sai da ya lissafa."

"Ni fa ban ce komai ba. Amma jar tawada a ƙirji?"

Wata tsohuwa ta ɗauki finjali har ya kusa bakinta, sai ta tambaya ko butar gahawar nan daga ɗakin mamacin aka ɗauko ta. Aka ce e. Ta ajiye finjalin a ƙasa, ta goge yatsunta da gefen abayarta.

Ni kuwa ina zaune, na yi gum. Ni da a mashgal ɗinmu, shagon ɗinkin mata da nake aiki, kowa ta san ba a taka ni in ƙyale. Ni da na taɓa bin mai mota da ƙafa har bakin titi saboda ya watsa mini ruwan kwata. Ranar da ake cin naman Baffa a gabana, bakin nan nawa ya mutu murus. Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. A Mansur da Utaibiyya sunan Baffa shi ne mai duba, wasu ma boka suke cewa kai tsaye. Ƙarya ce, kuma ina da hannu wajen zaunar da ita.

Baffa malamin kimiyya ne. Shekara tara ya yi yana koyarwa a wata sakandare a ƙasar Katsina kafin ya zo nan neman abin da albashin malami ya kasa yi. Ya zama mai gyaran lifta a otal-otal ɗin Jarwal, har gwiwoyinsa suka ce sun gaji, sannan wani tsohon ubangidansa ya ba shi gadin benen nan. Matarsa haifaffiyar Makka ce, jikar mutanenmu da suka zo hajji a ƙafa, ta rasu tun kafin in zo. Ɗansu ɗaya ne tak, Yaya, wanda Larabci ya fi zama a bakinsa fiye da Hausa nesa ba kusa ba.

Duk Juma'a bayan an sauko nake kai masa tuwo da miyar kuka. Mutum ne mai tsari har ya ba ka haushi. Takalminsa kullum hancinsu yana kallon ƙofa. Shayinsa ba sukari, kuma in ka sa a naka sai ya yi maka kallon tausayi. Yana da wata tsohuwar kwamfuta da wani injiniyan otal ya so jefarwa, da waya mai tsagaggen gilashi, da takardu jibgi guda. Da ajami yake rubutu, wai hannunsa ya fi gudu ta dama zuwa hagu, kuma kowane shafi sai ya fara da Bisimilla. Baƙar tawada ta lambobin da ya kwafo ce, ja kuma ta abin da ya lissafa da kansa.

Ranar da na fara tambayarsa me yake rubutawa haka, na tarar da shi yana wanke matakala da tiyo. Ya ce in tsaya can bakin ƙofa. Ruwan yana zuba daga bakin tiyon a hankali, ko ƙafata ba ya kaiwa. Sai kawai ya danne bakin da babban yatsa, ruwa ya yo tsartuwa ya same ni a fuska tas.

"Baffa! Haba Baffa, sabuwar abaya ce fa!"

Yana dariya har da riƙe ƙarfen matakala. "To Uwata, da a ce idonki a rufe yake, da ruwa nawa za ki ce an watsa miki?"

"Tanki guda mana!"

"Ato. Ruwan kuwa shi ne dai na ɗazu, ko cokali ban ƙara ba. Bakin na matse, kuma ke na saita."

A nan kan matakala, ina matse mayafi, ya ba ni labarin abin da ya cinye masa rabin rayuwa. Ya ce akwai taurari manya-manya, waɗanda ranarmu ba ta kai ƙanwarsu ba. In ɗayansu ya cinye abin da yake ƙonawa, sai cikinsa ya rufta, ya zama abin da ake kira baƙin rami. In tauraron mai juyawa ne da sauri, sai wuta ta yi tsartuwa ta kai da ta gindi, siririya, tana gudun da ya kusa kai na haske, ta huda jikin tauraron ta fito waje. In aka yi sa'a bakin tsartuwar ya saito duniya, taurarin ɗan Adam da ke sama sai su ga walƙiyar wani haske da ido ba ya gani, sunansa gamma. Daƙiƙu kaɗan ne, wani lokaci 'yan mintuna, ya wuce.

"Da aka fara auna nisansu," in ji shi, "sai masana suka yi irin kuskurenki. Suka ɗauka ta kowane gefe tauraron yake watsa wannan wutar, suka lissafa, lissafin ya ba su tsoro. Daga baya aka gane tiyo ne aka danne. In ka san faɗin bakin, ƙarfin sai ya sauko ninki ɗaruruwa. Kar ki raina shi fa, ko bayan ya sauko, ya kai abin da ranarmu za ta fitar tun daga haihuwarta har mutuwarta. Amma dai ya dawo cikin hankali."

Daga nan ya samo maganarsa da duk wanda ya zauna da shi ya sani. In na kawo ƙarar uwar ɗakina ta yi mini ihu a gaban kwastoma, sai ya ce, "Kafin ki ce mutum ƙarfi gare shi, duba ko ke kaɗai ya saita." Wallahi a lokacin haushi take ba ni.

Aikinsa shi ne gano faɗin bakin. Duk lokacin da aka ga walƙiya a sama, saƙo yakan shigo wayarsa, don ya sa kansa cikin jerin waɗanda ake sanarwa, kuma kyauta ne ga duk mai so. Bayan walƙiyar akwai sauran haske da ke dusashewa a hankali, shi Baffa garwashi yake ce masa. Masu manyan madubin hangen nesa a ƙasashe daban-daban suna aunawa suna sakawa a intanet, shi kuma ya kwafe. Sai ya ja layuka gida-gida, gefe ɗaya lokaci, gefe ɗaya ƙarfin haske. Sannan ya zana su ɗigo-ɗigo, su yi layi mai gangarowa. Can bayan kwana ɗaya ko kwanaki sai layin ya karye ya ƙara gangara, wurin nan yake kira gwiwa. In gwiwa ta zo da wuri, bakin siriri ne. In ta makara, yana da faɗi. In tauraron ba shi da nisa sosai, bayan kamar mako biyu sai wani haske ya sake tasowa, shi ne fashewar jikin tauraron kansa.

Na taɓa ce masa, "To Baffa, ai su masanan sun lissafa. Kai naka wa zai gani?"

Ya ce, "Ke da kike ɗinka wa amare kaya, ke kike zuwa bikin?" Sai kuma ya ce, "In nawa ya yi daidai da nasu, sai in san har yanzu ni malami ne."

Ba zan manta shekarar da aka ga wadda ta fi kowace haske ba, wadda har ta kashe wa na'urorin sama ido na ɗan lokaci. Makonni Baffa bai ci tuwona da zafinsa ba. Da labari ya fito daga baya cewa fashewar jikin tauraron ba ta fi ta 'yan uwanta ba, sai na same shi yana zagaya ɗaki yana tafa hannu. "Ban gaya miki ba? Talaka ne ɗan uwanmu! Bakinsa ne kawai ya matse, ya kuma dube mu ido cikin ido." Ranar har sukari ya bari na sa masa rabin cokali.

Akwai kuma ranar da ban ji daɗinta ba. Ya ce kowace ɗaya da muka gani, akwai ɗaruruwa da suka fashe suna kallon wani gefe, babu wanda zai taɓa sani. Akwai ma waɗanda tsartuwarsu ba ta iya huda jikin tauraron, sai ta maƙale a ciki ta mutu. Ya faɗi haka yana kallon kwanon tuwo, sai na ji tausayinsa ya kama ni. Na tashi na hau wanke masa kofuna da suke a wanke.

Yadda sunansa ya ɓaci kuwa ba wani abu ba ne. Matar wani ɗan haya ce, 'yar garinmu, ta shigo karɓar makullin soro don ta shanya kaya. Ta ga bango cike da takardu: gidaje-gidaje da lambobi a ciki, ajami ja da baƙi, ga zanen tauraro da layi biyu suna fita daga jikinsa. Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san kamannin hatimin malaman tsibbu, kuma in za a faɗi gaskiya, kamar ta yi yawa. Kafin sati mata sun fara sallama a ƙofarsa, wannan an sace mata sarƙa, waccan miji ya juya baya. Yana korarsu da dariya.

Sai wata baiwar Allah daga Nijar, wadda ɗanta ya bi hanyar Libiya wata takwas babu labari. Ta zauna a ƙofar ta ƙi tashi. Baffa ya kasa korarta. Ya ba ta shayi, ya ce mata shi bai san gaibu ba, babu wanda ya sani sai Allah, ta je ta yi ta addu'a. Kwana shida bayan nan yaron ya bugo waya. Shi ke nan, magana ta ƙare. Duk rantsuwar da Baffa ya yi, cewa aka yi ai manyan ba sa yarda su nuna kansu. Masu nema suka ƙaru, masu gaisuwa suka ragu. A masallacin unguwa sai ya ga wanda ke gefensa ya matsa ya bar tazara.

A nan ƙasar sihiri ba abin wasa ba ne. Ɗauri ne, in an tausaya maka a kore ka, kuma ba kai kaɗai ba, danginka ma sai an dube su.

Yaya yana neman aure a lokacin, kuma dangin yarinyar da suka yi bincike sai suka jiyo maganar. Wata Juma'a ina zuba miya ya zo. Bai cire takalmi ba, a bakin ƙofa ya tsaya yana nuna bango.

"Ya Baba, esh hada? Mene ne wannan? Mutane suna magana. Ka cire su, ka zubar, kalas."

Baffa ya ce, "Zauna in nuna maka." Ya ciro shafi ɗaya, ya gyara tabarau, ya fara bayani da irin Hausar nan tasa ta aji, mai nauyi, wadda ko ni sai na kasa kunne.

Yaya ya katse shi da Larabci, ya ce ya yi masa magana da harshen da zai gane.

To a nan ne zan faɗi laifin Baffa, don ba zan yi masa ƙarya ba ko da ya mutu. Baffa ya iya Larabci sarai, da shi ya shekara ashirin yana faɗa da injiniyoyi. Amma taurin kai irin na gidanmu ya motsa. Ya ce, "Da harshen da na rarrashe ka kana goye zan gaya maka. In ka manta shi, ba laifina ba ne." Ya ci gaba da Hausa, yana ɗaga murya, yana buga takardar da yatsa.

Yaya ya ce, "Ma abga afham," wato ba ya ma son ya gane. Ya juya ya fita.

Ni kuma ina tsugune da ludayi a hannu. Larabcina na kasuwa ne, amma ya isa in ce, Yaya tsaya, lissafin makaranta ne, ga abin da yake nufi. Ban ce ba. Na ce a raina maganar uba da ɗa ce, ina ruwan biri da gada. An yi auren, Baffa ya je ya zauna a kujerar baya kamar maƙwabci. Shekara shida ke nan, kuma jikarsa sau biyu ya taɓa ganinta.

Mutumin da aka bari shi kaɗai haka, shi ne bai bar ni ni kaɗai ba. Da mahaifiyata ta rasu a gida, takardar fitata ba ta samu a kan lokaci ba, aka binne ta ina nan ina kuka a kan keken ɗinki. Washegari Baffa ya kira ni ya ce in zo. Na tarar ya aro kujeru biyar ya jera a gaban benen, ya dafa gahawa, ya sayo dabino, ya sa farar riga.

"Baffa, mene ne wannan?"

"Makoki. Matar yayana ta rasu, 'yarta tana nan. Ba za a ce ba ki da inda za a same ki a yi miki gaisuwa ba."

Kwana uku muna zama daga la'asar zuwa magariba. Mutum biyu ne suka zo: wani Bangali mai shagon kusa, da matar nan ta Nijar. Baffa bai nuna ya lura da kujerun da ba kowa ba. Duk wanda ya wuce ta titi sai Baffa ya gyara zama, ko zai tsaya. A ranar ƙarshe ya kwashe kujerun da kansa, biyu-biyu, yana ɗingishi.

Rana ta biyu da rasuwarsa Gwaggo ta ce mu je a kwashe ɗakin kafin mai benen ya turo wani, ni da ita da Yaya. Ta rufe ƙofa ta murza makulli. Ta dubi bangon, ta dubi jibgin takardun, kuma na san abin da ke ranta tsoro ne na gaskiya ba mugunta ba.

"In hukuma ta ga wannan, igamarmu gaba ɗaya ta tafi," in ji ta. Igama ita ce takardar zama, ita ce ran kowane baƙo a ƙasar nan.

Ƙonawa ba ta yiwu ba, saboda kowane shafi da sunan Allah a kansa. Gwaggo ta ce ai yadda ake warware sihiri shi ne a jiƙa shi a ruwa da ganyen magarya da gishiri, ana karanta Falaƙi da Nasi. Ta zo da ganyen a ƙulle a leda, ashe tun daga gida ta shirya.

Na ce, "Gwaggo, lissafi ne fa. Na taurari ne da suke fashewa, a makaranta ma ana koyarwa."

Ta juyo. "Na taurari? Ai shi muke faɗa! Ke ma ya koya miki ne?"

Yaya ma ya ɗago ya dube ni. Na tuna 'ya'yana biyu da ke gida wurin ƙanwata, waɗanda cinsu da karatunsu ke rataye a igamata. Na tuna bakin matan Mansur, wanda in ya kama ka ba ya saki. Na ce, "A'a, Gwaggo. Ni tuwo kawai nake kawo masa."

Ni na tari ruwan. Da tiyonsa na cika bokitin. Gwaggo tana karatu tana tsoma takardu, Yaya yana ɓalle na bango yana miƙa mata ba tare da ya kalli ko ɗaya ba. Tawadar tana tashi daga shafi, jar ta gauraya da baƙar, ruwan ya koma kalar ƙasa. Sai da muka sake ruwa sau huɗu. Aikin shekara ashirin da wani abu ya ƙare kafin kiran la'asar. Na ɗauki bokitin ƙarshe na kai gindin wata bishiya a bayan benen na zubar, don kada sunan Allah ya bi kwata. Na tsaya a wurin na yi kukan da ban yi a makoki ba, kuma ba kukan rashi kaɗai ba ne, na kunya ne.

Bayan mako uku Yaya ya kira ni ya ce yana ƙofar mashgal. Maza ba sa shiga, sai na fito na same shi a mota. Wayar Baffa ce a hannunsa.

"Ya ukti, wannan kullum tana kuka. Wani lokaci sau biyu a rana." Haka yake kirana, wato 'yar uwata. Hausarsa tana tuntuɓe, amma da ita ya dage. "Na ɗauka abokan harkarsa ne. Na ce bari in gani su waye, in yi musu gargaɗi."

Ya buɗe saƙonnin. Turanci ne da lambobi, shi kuma da Turanci yake aiki a kamfaninsu. Ya ce ya karanta, ya bincika, ya ga sanarwa ce daga taurarin ɗan Adam zuwa ga masana a jami'o'in duniya. Ya ce kwana biyu bai runtsa ba.

"To gidajen nan fa? Masu ja da baƙi?"

Littafin awo yana hannuna. Na juya bayansa na ja layuka yadda Baffa yake ja, nan lokaci, nan haske. Na ɗiga ɗigo-ɗigo suka gangaro, na karya layin na ce nan ce gwiwa. Na gaya masa labarin tiyo. Da na zo wurin da ake fitar da faɗin bakin daga gwiwar sai na tsaya, don wannan da jar tawada yake yinsa, kuma ban taɓa riƙe shi ba. Ya tafi cikin bokiti.

Yaya ya latsa wayarsa, ya nemo wani zane daga shafin masana, ya ɗora kusa da nawa. Layi ne mai gangarowa, da karyewarsa a tsakiya. Ya daɗe yana kallonsu.

"Me ya sa bai gaya mini ba?"

"Ya gaya maka, Yaya. Ina wurin." Sai na ga ba adalci ba ne in bar masa kayan shi kaɗai. Na ce, "Ni ma na sani tun ranar, kuma na yi shiru. A gaban bokiti ma na yi shiru."

Ya kifa kansa a kan sitiyari. Ban taɓa ganin namiji yana kuka babu sauti haka ba.

Saboda haka duk wanda wannan takarda ta isa hannunsa, a Mansur ko a Utaibiyya ko a gida, ya ji daga bakin wadda ta gani. Baffa bai taɓa duba wa kowa ba. Bai san ranar mutuwarsa ba, don ya bar shinkafa a jiƙe zai dafa da yamma. Malamin makaranta ne da ya rasa aji, yana auna wutar taurarin da suka mutu tun kafin a yi mu, yana yi wa Mahaliccinsu tasbihi. Wanda ya ci namansa ya nemi gafara. Gwaggo har yau ba ta yarda ba, cewa take yi mun zubar da ruwan a kan lokaci.

Juma'ar da ta biyo baya da safe Yaya ya ɗauke ni muka tafi maƙabartar Shara'i. Mata ba sa shiga, saboda haka a mota zan jira. Kafin ya fita na riƙe hannun rigarsa na ce, "In ka je, ka roƙar mini shi ni ma."

A nan ba a rubuta suna a kabari. Dutse ne kawai a kai, layi bayan layi. Ranar jana'iza Yaya daga nesa ya tsaya, bai shiga ramin ba, bai kuma karɓi lambar kabarin ba, ga shi ofishin da ake tambaya a rufe yake ranar Juma'a. Wani ma'aikaci ne ya tambaye shi ranar da aka kawo gawar, ya nuna masa layin.

Ya fi awa ɗaya. Da ya dawo, gwiwoyin farar rigarsa sun yi ja da ƙasa. Ya zauna bai tayar da mota ba.

"Ka same shi?"

"Ban san wanne ne ba, ya ukti. Duk iri ɗaya ne."

"To me ka yi?"

"Na bi layin gaba ɗaya. Kowanne na tsuguna na ce, Baba ka yafe mini."

Na ce, "Ni fa? Ka roƙar mini?"

Ya dube ni, ya dubi ƙofar maƙabartar. Rana ta riga ta take, ko inuwar tsuntsu babu. Ya buɗe motar ya fita, ya koma ciki, ina hango shi ta gilashi har ya kai farkon layin ya sake tsugunawa.

Allah ya jiƙan Baffa, da duk waɗanda suke kwance a layinsa.